Idan Za A Yi Wa Mahaifi Ko Mahaifiya Aikin Haske A Ƙwaƙwalwa

Ranar da likita ya ce an ga ƙari a cikin kan mahaifinku ko mahaifiyarku, hankalin gida duka yakan tashi. Idan kuma ya ƙara da cewa za a yi aikin da haske, ba da wuƙa ba, sai tambayoyi su yi yawa. Wane irin haske ne? Akwai zafi? Tsoho zai gane mutane bayan an gama? Wannan bayani zai nuna muku abin da ke faruwa tun daga shiri har zuwa watannin da ke biyo bayan aikin. Ku karanta shi a tsanake, ku karanta wa ƴan'uwanku da ba su iya karatu ba tukuna. Za mu riƙa cewa "maras lafiya", ko namiji ne ko mace.

Mene ne ƙari a ƙwaƙwalwa?

Ƙari wata tsoka ce da ke tsirowa inda bai kamata ba. Ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Saboda haka ko ƙaramin ƙari yana iya danne ƙwaƙwalwa, ya kawo ciwon kai, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa, sarƙewar magana, mantuwa ko canjin hali. Mutumin da aka sani da haƙuri sai a ga ya koma mai faɗa. Ciwon ne ke jawo haka.

Ƙari iri biyu ne. Akwai wanda ba ciwon daji ba ne, yana girma a hankali cikin shekaru. Yakan fito a jikin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, ko a jijiyar da ke kai ji daga kunne, ko a wata ƴar ƙaramar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai tsara aikin sassan jiki da yawa. Akwai kuma wanda yake ciwon daji ne. A wajen manya, sau da yawa irin wannan daga wani wuri yake tasowa, kamar huhu, nono, ƙoda ko hanji, ya bi jini ya sauka a kai. Tambaya ta farko da za ku yi wa likita ita ce: wane iri ne namu? Duk abin da zai biyo baya ya dangana ga amsar.

Mene ne aikin haske?

Likitoci suna kiransa radiochirurgie da Faransanci, kuma haka za ku ga an rubuta a takardun asibiti. Ko da yake sunan yana da alaƙa da fiɗa, ba a tsaga fata, ba a buɗe ƙashin kai. Na'ura ce ke aika wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken yana fitowa daga kusurwoyi masu yawa, kowane siriri ne kuma maras ƙarfi, amma duka suna haɗuwa a wuri guda, wato a kan ƙarin.

Ku dubi rijiyar gari. Hanyoyi da yawa suna zuwa gare ta daga kowace unguwa. A kan kowace hanya mutane kaɗan ne ke bi, ciyawar gefenta tana nan da ranta. A bakin rijiyar kuwa, inda duk ƙafafu ke haɗuwa, ko tsinke ba ya tsira. Haka wannan aiki yake. Sassan ƙwaƙwalwa masu lafiya suna samun haske kaɗan, ƙarin kuma yana samun mai yawa, har ƙwayoyinsa su kasa hayayyafa.

Wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, shi ya fito da dabarar a 1951. A 1968 aka kafa na'urarsa ta farko a wani asibiti na birnin Istokholm. Sunanta Gamma Knife. Na zamanin nan suna harba haske ta kafofi 192, kuma kuskurensu bai kai milimeta ɗaya ba. Akwai wata na'ura mai suna CyberKnife, wadda hannunta ke zagaya kan maras lafiya, an fara aiki da ita a Amurka a 1994. Akwai kuma wasu na'urorin gashin ciwon daji da aka shirya musamman don wannan aiki. Dukansu manufarsu ɗaya.

Wannan aiki ya bambanta da gashin da aka saba, wanda ake zuwa kullum har makonni da yawa. Shi a zama ɗaya ake gama shi, wani lokaci kuma a zama 3 zuwa 5.

Wa ake yi wa?

Ba kowane ƙari ne ya dace da haske ba. Ya fi dacewa da ƙarami, wanda faɗinsa bai wuce santimeta 3 ba, wato kamar faɗin yatsu biyu. Ana zaɓensa idan ƙarin yana can ciki inda wuƙa ba za ta kai ba sai da hatsari, ko idan shekaru da wasu cututtuka sun sa maras lafiya ba zai jure fiɗa ba. Ana iya gasa ƙari fiye da ɗaya a zama guda. Wani lokaci kuma fiɗa ake fara yi, sannan a bi gurbin da haske. Idan ƙarin babba ne kuma yana danne ƙwaƙwalwa sosai, likita zai fi son a cire shi da wuƙa, domin haske ba ya rage girma nan take.

Ina ake yi?

A nan Nijar, Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai ta fara gashin ciwon daji a 2021, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Shi kuwa aikin haske na ƙwaƙwalwa yana buƙatar na'ura da ma'aikata na musamman, shi ya sa iyalai da dama sai sun yi tafiya. Akwai Gamma Knife a Marsai ta Faransa tun 1992, a Alƙahira tun 2001, a Rabat ta Maroko tun 2008. Likitan fiɗar ƙwaƙwalwa ko likitan ciwon daji da ke duba maras lafiyarku shi zai ce ko aikin ya dace, kuma shi zai rubuta takardar turawa.

Kafin ku sayar da gona ko bisashe, ku sa a aika hotunan da takardun likita zuwa asibitin da za a je. Ku jira su amsa a rubuce cewa sun karɓi maras lafiya, su kuma faɗi kuɗin aikin a rubuce. Ku lissafa kuɗin jirgi, masauki, abinci, da kuɗin hotunan da za a riƙa ɗauka bayan an dawo. Ku yi hattara da dillalan da ke alkawarin warkewa su nemi kuɗi tun gaba. Likitan kirki ba ya irin wannan alkawari.

Shirin da ake yi kafin ranar

Za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar da ake kira IRM, wani lokaci har da sikana. Akan yi allurar wani ruwa a jijiya don ƙarin ya fito sosai a hoto, saboda haka akan fara auna jini a ga lafiyar ƙoda. Na'urar IRM tana da maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai. Dole ku gaya wa likita idan akwai ƙarfe a jikin maras lafiya, kamar na'urar bugun zuciya, ƙarfen ɗorin ƙashi ko ɓarɓashin harsashi.

Ku haɗa waɗannan a jaka ɗaya:

1. Karnen likita da duk takardun gwaji, tsofaffi da sababbi.
2. Hotunan kai duka, da faifan da aka ɗora su a kai.
3. Duk magungunan da yake sha, cikin kwalayensu, musamman na hawan jini, na ciwon sukari da na tsinka jini.
4. Sunayen magungunan gargajiya da yake sha. Kada ku ɓoye, domin wasunsu ba sa jituwa da na asibiti.

Daren da za a wayi gari a yi aikin, a wanke kai da sabulu, kada a shafa mai. Mace ta tsefe kitso, ta bar kwalli, domin wani kwallin yana da ɓurɓushin ƙarfe. A cire ƴan kunne, zobe, laya, tabarau da haƙoran roba. Galibi ba a aske gashi. Asibitin zai faɗa muku ko za a ci abinci da safe ko a zo da ciki wayam.

Ranar aikin

Babban sharaɗi shi ne kada kai ya motsa ko kaɗan. Hanya biyu ake bi don haka.

Ta farko, a ɗaura wani mariƙi na ƙarfe maras nauyi a kai. Za a yi allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi, biyu a ƙeya. Sannan a ɗaure mariƙin da ƙananan kusoshi huɗu waɗanda ke ratsa fata su tsaya a jikin ƙashi, ba sa huda shi. Allurar tana da ɗan zafi, kuma maras lafiya zai ji kamar an matse masa kai na ƴan mintoci, daga nan sai ya lafa. Ga mutane da yawa nan ne wuri mafi wuya a ranar. Ganin tsoho da ƙarfe a kai yana tayar da hankali. Ku daure, kada ku yi kuka a gabansa.

Ta biyu, a yi masa marufin fuska na roba mai raga. Ana ɗumama robar ta yi laushi, a shimfiɗa ta a fuska, ta sandare daidai da siffar fuskarsa. Ana numfashi ta cikinta ba wahala. Idan maras lafiya yana tsoron wuri matsattse, ku faɗa tun da wuri, akwai maganin kwantar da hankali.

Bayan an ɗauki hoto, likitoci da masanin na'ura za su zauna gaban kwamfuta su tsara inda kowane haske zai bi. Idan da mariƙin ƙarfe ne, a ranar ake yin wannan, jiran yakan kai awa ɗaya zuwa ƴan awoyi. Idan da marufin roba ne, shirin yakan ɗauki kwanaki kafin a kira ku. Daɗewar jira ba alamar matsala ba ce.

Daga nan zai kwanta a kan gadon na'ura. Ba a sa shi barci. Ba zai ji zafi ba, ba zai ga hasken ba. Shi kaɗai zai kasance a ɗakin, amma ma'aikata suna kallonsa ta kamara, suna jin muryarsa, yana jin tasu. Idan ya buƙaci a tsaya, za a tsaya. Zaman yakan ɗauki daga minti 20 zuwa awa biyu ko fiye, gwargwadon yawan ƙarin da siffarsa. Idan ba ya jin harshen ma'aikatan, ku nemi a bar ɗayanku kusa da su don ya riƙa yi masa magana da Hausa. Muryar ɗa ko ɗiya tana kwantar da hankalin tsoho fiye da komai.

Da an gama za a cire mariƙin, a rufe wuraren kusoshin da ƙaramin bandeji. Yawanci a ranar ake sallama, ko washegari.

Ku riƙe wannan da kyau: hasken ba ya zama a jiki. Da an kashe na'ura ya ƙare. Maras lafiya zai iya ɗaukar jikokinsa, ya ci abinci a kwano ɗaya da kowa, ya zauna kusa da mai ciki. Kada a ware masa ɗaki ko kwano.

Kwanakin farko

Abubuwan da aka saba gani su ne gajiya, ciwon kai maras tsanani, tashin zuciya, da ɗan ciwo ko kumburi a wuraren kusoshi. Wani lokaci goshi da fatar ido sukan kumbura kwana biyu ko uku bayan aikin, sannan su saɓe. Wani sashe na fatar kai yana iya yin kamar ya mutu na ƴan makonni. Idan ƙarin yana kusa da fata, gashi yana iya zubewa a ɗan ƙaramin wuri, kuma galibi yakan sake tsirowa cikin watanni. Gajiyar tana iya kai makonni. Ku bar shi ya huta, amma ya riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, ya sha ruwa sosai.

A bar wuraren kusoshi da tsabta. Kada a shafa musu toka, man shanu ko wani haɗi. Kada a kai shi wurin wanzami don ƙaho ko tsaga a kai. Idan kansa yana ciwo, a ba shi abin da likita ya rubuta kawai, ban da magungunan da ake talla a kasuwa.

Magunguna biyu da za ku kula da su

Haske yana iya sa wurin da aka gasa ya kumbura. Saboda haka likita yakan rubuta maganin kumburi mai suna dexaméthasone. Yana aiki sosai, amma yana da nasa halin. Yana ƙara sukari a jini, yana hana barci, yana buɗe ciki, yana iya kawo zafin ciki da saurin fushi. Mai ciwon sukari sai an riƙa auna shi a kai a kai. A sha shi bayan an ci abinci. Mafi muhimmanci, ba a barinsa farat ɗaya. A hankali ake rage shi, yadda likita ya tsara. Ku sa wanda ya iya rubutu ya zana jadawalin a takarda, a manna a bango, a riƙa yin alama kullum.

Na biyu shi ne maganin farfaɗiya, ga wanda aka rubuta wa. Shi ma ba a tsallake shi ko da kwana ɗaya. Ku sayi wani tun kafin na hannu ya ƙare, musamman idan garinku yana nesa da farmasi. Idan azumi ya zo, a tambayi likita kafin a canza lokutan shan magani.

Alamun da ba a jira da su

Ku kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, idan kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon kai mai tsanani da ke ƙaruwa, ko amai babu tsayawa.
2. Farfaɗiya ta farko, ko wadda ta wuce minti 5, ko wadda ta maimaitu.
3. Sabon rauni a hannu ko ƙafa, karkacewar baki, ko sarƙewar magana.
4. Rikicewa, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar.
5. Gani ya ragu ko yana ganin abu biyu-biyu.
6. Zazzaɓi, ko ruwa da mugunya daga wurin kusa.

Idan farfaɗiya ta kama shi, ku kwantar da shi ta gefe, ku sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada ku sa masa cokali ko yatsa a baki, kada ku ɗura masa ruwa, kada ku danne shi. Ku duba agogo. Wanda ya taɓa yin farfaɗiya kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya ja ruwa a rijiya, kada ya zauna shi kaɗai kusa da wuta, sai likita ya yarda.

Watannin da ke biyo baya

A nan ne iyalai da yawa suke karaya, domin sun zaci ƙarin zai ɓace a ranar. Aikin haske kamar shuka yake, ba a girbi ranar da aka binne iri. Ƙarin ciwon daji yakan fara raguwa cikin makonni ko watanni. Wanda ba na daji ba kuwa yana iya ɗaukar shekara ɗaya, biyu ko fiye, wani ma ba ya raguwa, sai dai ya daina girma. Tsayawar girman ita ce nasarar da ake nema. A irin ƙarin da ba na daji ba, ana samun haka ga kusan mutum 9 cikin 10. A ƙananan ƙarin daji ma ana shawo kan mafi yawan waɗanda aka gasa.

Akwai gaskiyar da ya kamata ku sani. Haske yana aiki ne kan ƙarin da aka auna kawai. Idan ciwon daga huhu ko nono ya taso, tushen yana nan, sai an ci gaba da maganinsa. Wani sabon ƙari kuma yana iya fitowa a wani sashe na ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake sake hoton IRM duk wata 2 zuwa 3 ga mai ciwon daji, ko duk wata 6 zuwa 12 ga wanda nasa ba na daji ba ne. Idan an ga sabo da wuri, sau da yawa ana iya sake gasa shi.

Ga wasu mutane, wurin da aka gasa yakan kumbura ko ya lalace bayan watanni, har bayan shekara guda ko fiye. A hoto yana iya kama da ƙarin da ya dawo, alhali tabon haske ne, kuma akwai maganinsa. Kada ku yanke hukunci da kanku daga kallon hoto. Wanda aka yi wa aikin a jijiyar kunne, jinsa yana iya raguwa a hankali. Wanda aka yi wa a tsokar nan ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa zai buƙaci gwajin jini shekara da shekaru. Saboda haka ranar komawa wurin likita ba abin wasa ba ce, ko da tsoho ya ce ya ji sauƙi.

Maras lafiya shi ne mai jikinsa

A gidaje da yawa ƴaƴa sukan ɓoye wa iyaye sunan ciwo don tausayi. Amma wanda za a ɗaura wa ƙarfe a kai ya cancanci ya san dalili. Muddin hankalinsa yana tare da shi, shi zai amince ko ya ƙi. Ku tambaye shi cikin ladabi: "Baba, kana so likita ya yi maka bayani duka, ko ka fi so ya gaya mana?" Ko ku ce: "Inna, wa kike so ya shiga da ke?" Ku bi abin da ya zaɓa. Idan kuna yi masa tafinta, ku faɗi abin da likita ya ce, ba ragi ba ƙari. Idan akwai abin da uwa ke jin nauyin faɗa gaban ɗanta namiji, a bar ɗiya ko ƴar'uwarta ta shiga.

Ku ma masu jinya ku kula da kanku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba aiki tun farko: wannan ya riƙe takardu da ranakun komawa, wancan ya riƙe lissafin kuɗi, wata ta kula da magani, a kuma riƙa karɓar wanda ke kwana da shi. Mutum ɗaya ya zama mai magana da likita, don kada labari ya rarrabu.

Tambayoyin da za ku rubuta ku tafi da su

1. Wane irin ƙari ne, guda nawa ne, kuma mene ne girmansa?
2. Me ake fata aikin ya yi: ya tsayar da girma, ko ya rage wahala?
3. Akwai wata hanya ban da wannan? Me zai faru idan ba a yi ba?
4. Zama nawa za a yi, da mariƙin ƙarfe ko da marufin roba?
5. Yaushe zai iya hawa jirgi ko mota ya koma gida?
6. Yaushe za a sake hoto, kuma wane likita zai ci gaba da duba shi a gida?
7. Wace lamba za mu kira idan wani abu ya taso da dare?

Kafin ku baro asibitin, ku karɓi takardar da ta bayyana wurin da aka gasa da yawan hasken da aka ba shi. Duk likitan da zai duba shi nan gaba zai nemi wannan takarda. Ku yi mata kwafi biyu, ku ajiye ɗaya a wurin da ruwa da gara ba za su kai ba.